Ɗigon Fensir

Shafi na 17

Masu turo mini "Malam a ci gaba" tun kafin in wanke ido, ga shi nan. Wadda ta tambaya yaushe za a fara soyayya a labarin, ta yi haƙuri, zaman kwamiti ake yi.

Wanda ya shigo yau, ga inda aka kwana. Ƙungiyar likitoci za ta yi babban taronta na shekara. An turo tsakure ɗari biyu da goma sha ɗaya, kowanne shafi guda, mutum ya matse aikin shekara biyu ko uku a ciki. Goma sha biyu kaɗai za su hau dandamali a saurare su. Wasu a manna su a bango kusa da teburin shayi, saura kuma kwando. An cire sunaye an sa lamba. Mutum biyu ke ba kowanne maki a kan ashirin. In tazarar da ke tsakaninsu ta wuce shida, sai a kai wa na uku ya raba gardama, a haɗa makinsa da wanda ya fi kusa da shi. An gama wannan duka. Yau Asabar, za a buɗe ambulan ɗin sunaye.

* * *

Mutum huɗu suka rage a ɗakin. Sauran 'yan kwamitin sun sa hannu a takardar halarta, sun cinye biskit, sannan kowa ya tuna yana da mara lafiya da ke jiransa.

Jan Biro yana can ƙarshen tebur, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Shekara talatin da ɗaya yana buɗe gawa a ɗakin ƙasa na babban asibiti, yana rubuta abin da ya kashe mutum bayan manyan likitoci sun gama rubuta abin da suke so ya zama shi ya kashe shi. Ɗalibai ne suka sa masa sunan, don takarda ba ta fita hannunsa sai ta yi jina-jina. An ba shi aikin raba gardama ne saboda ba shi da aboki, don haka ba wanda zai ce ya taimaki abokinsa.

A kan tebur Farfesa ne, shugaban kwamiti shekara tara a jere. Tabarau na rataye a ƙirjinsa da 'yar sarƙa, ba a taɓa ganinsa a kan hancinsa ba. Shi ya naɗa kansa mai dubawa na farko a kan kowane tsakure, wai don ma'auni ya zama ɗaya. Yakan gama ɗari biyun nan tsakanin azahar da la'asar. Aji ɗaya suka yi da Jan Biro, kuma Jan Biro bai manta wanda ke leƙen takardar wani ba.

A damansa Dakta Haka-Ne, shugaban ma'ajiyar jini ta asibitin. In Farfesa ya yi tari, yakan gyaɗa kai.

A hagunsa Sakatariya, likitar yara, mace mai magana ƙasa-ƙasa. Ita ke cire sunaye, ta sa lamba, ta buga kwafi, ta raba, ta tattara, ta kawo ruwa. Takardar ƙarin girmanta ta shekara biyu a aljihun teburin Farfesa tana jiran sa hannu.

Abin da ya hana Jan Biro sakat tun shigowarsa shi ne jerin lambobin da ke gabansa. Jerin bana yana da kyau. Ya saba ganin tarkace a sama, aikin kirki a ƙasa. Bana kuwa goma sha biyun nan duk aiki ne, kuma kowanne Farfesa ya ba shi sha takwas ko sha tara da hannunsa. Ko dai mutumin ya fara karatu yana ɗan shekara sittin da biyar, ko kuma wani abu ya lalace a wani wuri. Jan Biro ya fi yarda da na biyun.

Amma cikin goma sha biyun, ɗaya ne ya fito da shi daga gida. Na ƙarshe a jerin, lamba tamanin da takwas.

Wani ne, ko wata, ya zauna da rajistar ɗakin gaggawa ta shekara uku, ya ƙirga mutum ɗari huɗu da shida da aka rubuta musu ƙarin jini. Ya rubuta lokacin da likita ya nema, da lokacin da ledar jinin ta iso. Waɗanda ta same su cikin awa ɗaya, kusan duk sun koma gida. Waɗanda suka haura awa biyu, ɗaya cikin uku bai koma ba. Kuma jinin yana nan cikin firji. Makulli ne ke aljihun mutum ɗaya, takardar fitarwa kuma sai ta sami sa hannu uku.

Farfesa ya ba shi sha tara. Haka-Ne ya ba shi takwas, karo na farko a rayuwarsa da ya saɓa wa Farfesa, shi ma bai san ya yi ba. Aka kawo wa Jan Biro ranar Talata. Ya karanta har ya kai layin da ke cewa wanda ya fi daɗewa ya jira awa uku da minti arba'in. Ya ajiye biro. Ya san lambar nan kamar yadda ya san lambar ƙofar gidansa. Sannan ya sake ɗaukar biron ya rubuta sha bakwai.

Abu ɗaya yake so: a karanta shafin nan da ƙarfi a gaban likitoci ɗari shida.

Farfesa ya gyara murya.

"To, 'yan uwa, kamar kullum, ba sani ba sabo. Lamba muka duba, ba mutum ba."

"Haka ne," in ji Haka-Ne.

"Yarinya, buɗe."

Sakatariya ta yanke bakin ambulan da wuƙar takarda, ta zaro jerin, ta fara karantawa. Lamba, suna, asibiti.

Na farko, Farfesa ya yi murmushi, irin na wanda ke jiran kiran sunan ɗansa.

Na biyu, murmushin yana nan amma ya fara sanyi.

A na biyar ya ɗaga hannu.

"Wane ne wannan?"

"Wani ne daga ƙaramin asibiti, ranka ya daɗe. Shi ya yi aikin tarin yara."

"Ɗalibin wa?"

"Bai rubuta ba."

"Mutum ya yi bincike ba ɗalibin kowa ba?"

"Yana faruwa," in ji Jan Biro. "Kamar ciyawa, wani lokacin sai ta fito ba a ba ta izini ba."

Ba wanda ya dube shi. Ta ci gaba. Na shida, na bakwai, na takwas. Wata ungozoma. Wani mai haɗa magani. Wasu biyu da asibitinsu Farfesa bai san yana da rufi ba. A na goma sha ɗaya ya buga tebur har kwalbar ruwa ta faɗi.

"Tsaya! Ina aikin sashena?"

"Wanne ciki, ranka ya daɗe?"

"Kin san wanne. Na ƙwayar ƙarin kuzari."

Kowa ya san wanne. Mijin 'yar Farfesa ne ya yi shi. Ya ba mutum ashirin da uku ƙwaya, bayan sati biyu ya tsaya a kansu da farar riga ya tambaye su ko sun ji sauƙi, duk suka ce sun ji. Yaron yana neman ƙarin girma a bana, kuma dole sai ya nuna ya taɓa hawa dandamali.

Sakatariya ta bi jerin da yatsa, ta juya shafi, ta sake juyawa, har na ƙarshe.

"Lamba ɗari da arba'in da ɗaya. Maki biyar da rabi. Bai shiga ba, ko na bango."

"Biyar da rabi! Wane mahassadin ne ya duba shi?"

"Ni na ba shi sha takwas, Yallaɓai," in ji Haka-Ne da sauri. "Wallahi sha takwas. A duba."

"Ni na raba gardamar," in ji Jan Biro. "Na ba shi shida. Uku don takarda, uku don tawada."

"Na sani! Na san kai ne. Tun muna makaranta..."

"Ni na fi yi masa kirki. Wanda ya duba da farko biyar ya ba shi. Har da sharhi."

Ya miƙa hannu, Sakatariya ta ba shi takardar makin. Ya sa tabarau a hankali, ya nisanta takardar, ya karanta kamar mai karanta sakamakon gawa.

"Wanda ya rubuta wannan bai san bincike ba. Wanda ya koyar da shi kuma ya kamata a bincike shi."

Ya juya takardar ya tura ta tsakiyar tebur.

"Sa hannun nan mai kama da wutsiyar ɓera, ai na san shi tun jarrabawar shekarar farko. Yarinya, karanta mana sunayen da ke kan aikin."

Ta karanta. Na farko sunan surukin. Na ƙarshe, a gurbin babban malami mai kula da aiki, sunan Farfesa, da dukkan haruffan da ke binsa.

Haka-Ne ya buɗe baki zai ce abin da ya saba, ya ga ba wurinsa ba ne, ya rufe.

"Ban taɓa yarda da kai kamar yau ba," in ji Jan Biro. "A bincike shi."

Fuskar Farfesa ta kumbura. Ya fizgo tarin kwafin da ya duba, ya birkita, ya zaro ɗari da arba'in da ɗaya, ya kai shi dab da idonsa. Bai dubi rubutun ba. Kusurwar sama ta hagu ya duba. Sannan ya juya kan Sakatariya, ya manta da sauran mutanen ɗakin.

"Ina ɗigon?"



"Wane ɗigo?" in ji Jan Biro a hankali.

Ya sani. Ya yi shekara shida yana zargi. Ɗan ɗigon fensir, bai kai ƙwayar gero ba, a kusurwar kwafin da za a kai wa shugaba. Mai ɗigo namu ne, a ba shi sha tara ba sai an wahalar da ido ba. Mara ɗigo a karanta layi biyu, daidai abin da zai isa a zage shi. Sai dai zargi daban, ji daga bakin mai shi daban.

Sakatariya ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, kuskure ne. Bana aiki ya yi mini yawa. Na sa alamar a kan na asali kafin in buga kwafi, fensir ɗin kuma bai fito ba. Injin kuma gilashinsa yana da datti. Ina jin shi ya riƙa zuba ɗigo a kan wasu."

"Inji?"

"Inji, ranka ya daɗe."

"Kun ga wawanci? Kun ga irin waɗanda ake ba mu? Aiki ɗaya! Aikin da ko ɗan aji uku zai yi! Shekara shida ina koya miki, ki zo ki bar ni in ba wa ungozoma sha tara?"

"Ashe ba ka yi mamaki ba da ka ga mutanenka duk sun iya aiki bana?" in ji Jan Biro.

"Ban karanta..."

Ya kama bakinsa. Amma ta riga ta fita.

"Ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya zarge ka da karatu. Ni dai shawarata, a ba injin nan kujera a kwamiti. Cikin ɗari biyu da sha ɗaya ya tsamo sha biyu mafi kyau, bai ci biskit ko ɗaya ba."

Farfesa ya watsar da tarin kwafin. Suka bazu a kan tebur, wasu suka zame har gaban Jan Biro. Ya tashi ya je taga, ya tsaya yana kallon motarsa a inuwa. Da ya juyo, muryarsa ta sauka. Irin mutanen nan ba sa daɗewa cikin kunya, ba su da wurin ajiye ta.

"A sake duba ɗari da arba'in da ɗaya."

"Sashe na bakwai," in ji Jan Biro. "Makin da aka sa wa hannu ba ya canzawa bayan an buɗe ambulan. Kai ka rubuta dokar. Har tafi aka yi maka."

"Sashe na tara kuma ya ce in gurbi ya faɗi, shugaba ke cike shi da wanda ya ga dama."

"Gurbi bai faɗi ba."

"Ba mu gama jin sunaye ba. Yarinya, wa ke na sha biyu?"

Sakatariya ta dubi takardar, ta dubi ƙarshen tebur.

"Kin kurumce ne? Kawo."

Ya fizge jerin. Wannan karon ya ɗora tabarau a kan hanci, abin da Jan Biro bai gani ba tun suna samari. Ya sami tamanin da takwas. Ya karanta sunan a zuci, ya karanta sunan uban da ke biye da shi. Sai ya zauna, ya jingina, ya yi dariya mai sanyi.

"Ikon Allah. Haka-Ne, ka san wadda ta ce makullinka na kashe mutane?"

"A'a, Yallaɓai."

"'Yar gidan mai gaskiya ce. Autarsa. Wadda ta bar mu ta tafi ƙauye don ba mu isa ta gaishe mu ba." Ya juya. "Abokina, 'yarka ka ba sha bakwai?"

Farfesa ya ci gaba.

"Sashe na huɗu, tunda yau ranar karatun doka ce. Wanda ya gane aikin ɗan uwansa, ya mayar da takardar. In bai mayar ba, makinsa ya faɗi. To, mu ba azzalumai ba ne. Wataƙila ba ka gane ba. Ka ce ba ka sani ba, mu ji."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma uku ce, ban sani ba. Babu suna a takardar, babu asibiti, babu mai iya ƙaryata shi. Shekara biyu ke nan Auta ba ta gaya masa abin da take yi. Takan kira ta tambayi hawan jininsa, ya ce da sauƙi, ta ce to, su ajiye.

Amma ya san awa uku da minti arba'in.

Ranar wata Laraba ce, da rana tsaka. Mota ta buge uwar Auta a bakin kasuwa, ta fito sayen zaren ɗinki. Aka rubuta jini ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Yana tsaye a gefen gadon da rigarsa ta aiki, a asibitin da ya ba rayuwarsa, yana kallon agogon bango. Mai makulli ya tafi ɗaurin aure. Mai sa hannu na biyu yana taro. Ledar ta iso ƙarfe biyar daidai, da sanyinta, aka rataye ta a kan matar da ta riga ta fara yin sanyi ita ma.

Bayan kwana bakwai Auta ta kawo masa takardar ƙorafi, ta ce Baba sa hannu. Ya ce abokan aiki ne, ya ce ƙaddara ce, ya ce a bari ƙura ta lafa. Shi da ya yi wa kowa jan biro. Ta dube shi, ta ninke takardar, ba ta sake tayar da maganar ba. Ashe rajista ta koma ta buɗe.

"Na sani," ya ce.

Haka-Ne ya saki numfashi.

"Ban ga suna ba. Na ga uwarta a layi na tara. Ita ce awa uku da minti arba'in. Kai ka san ta, Dakta, ka zo gaisuwa, har ka ce jinin yana nan, da an yi maka waya."

Haka-Ne ya dubi kwalbar ruwansa kamar yau ya fara ganin irinta.

"Ya kamata in mayar da takardar ranar Talata. Ban mayar ba, don na san hannun da za ta faɗa."

Farfesa ya haɗa yatsunsa a kan ciki. Yanzu ya dawo gida. Ciniki ne, kuma a nan ya fi kowa digiri.

"Allah ya jiƙanta, mace ce ta kirki. Ka ga, abokina, kowa yana da nasa. Ni suruki, kai 'ya. Ba sai mun tona juna ba, mun tsufa. Ga abin da za a yi. Ba a yi maganar ɗigo a ɗakin nan ba, ba a yi maganar sashe na huɗu ba. Yarinyarka a ba ta bango, wuri mai kyau, kusa da ƙofa. A cire maganar makulli, don ba a wanke kayan ciki a gaban baƙi. Yaron nan kuma ya hau na sha biyu. Sunanka ya fita fes, ka yi ritaya da mutuncinka."

"Kusa da ƙofa."

"Inda kowa zai wuce."

"Na ga yadda ake karanta na bango. Da kofi a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ana neman banɗaki."

"To me kake so?"

Jan Biro ya zaro jan bironsa daga aljihun gaba. Ya jawo takardar makin tamanin da takwas, ya ja layi ɗaya a kan sha bakwai ɗinsa, ya rubuta a gefe cewa mai dubawa uban mai aikin ne, ya sani bai faɗa ba. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata. Sauƙin da abin ya yi masa ya ba shi haushi kaɗan, don shekara biyu da suka wuce a kan ƙaramar takarda ya ƙi yin haka.

"Nawa ke nan, na rubuta. Saura naka. Yarinya, ki sa a rahoton zama cewa shugaba ya tambayi ina ɗigo."

"Ba za a sa ba," in ji Farfesa.

"To zan faɗa da bakina ranar taro, lokacin tambayoyi. Ni ma ina da minti biyu kamar kowa."

"Wa zai saurari mutumin da ya rubuta da hannunsa cewa ya yi wa 'yarsa maguɗi? Kai ka kashe bakinka yanzun nan. Na gode."

Gaskiya ya faɗa, kuma Jan Biro ya sani. Mugu ba ya rasa daidai sau ɗaya a rana.

"Yanzu tamanin da takwas tana da sha tara da takwas, ba mai raba gardama," Farfesa ya ci gaba, yana lissafi da yatsu. "Doka ta ce shugaba ya naɗa wani cikin waɗanda ke zaune. Ni na duba, Haka-Ne ya duba, kai ka faɗi."

Ya juya hagunsa da murmushin uba.

"'Yata."

Sakatariya ta ɗago.

"Ke likita ce, ko ba haka ba? Lokaci ya yi da za a fara ba ki manyan ayyuka. Duba mana wannan. Ba sai kin wahala ba, aikin yana da rauni, ke ma kin gani. In kin ba shi sha uku ko ƙasa, a haɗa da takwas ɗin Dakta, ya sauka, gurbi ya faɗi, mu tashi. Kin yi ɓarna yau, ga damar gyarawa." Ya ɗan dakata. "Af, na tuna. Takardar nan taki tana kan teburina. Jiya ma na gan ta. Litinin in Allah ya kai mu."

"Haka ne," in ji Haka-Ne, muryarsa ta dawo.

Aka tura mata sabuwar takardar maki. Ta ɗora hannu a kai.

Jan Biro ya kawar da kai. Ba ya son kallon yanka in ba dole ba. Shi ke nan, ya yi gaskiyarsa a makare, ta kuma faɗa kan Auta, kamar yadda shirunsa ya faɗa kanta. Zai koma gida ya zauna a falon da keken ɗinkin uwar Auta ke rufe da zane, ya jira kiran da za a tambaye shi hawan jini.

Idonsa ya sauka kan kwafin da Farfesa ya watsar. Na saman su tamanin da takwas ne. Ga ɗigon nan a kusurwar hagu, ƙarami, baƙi-baƙi, dattin injin da ya fi farfesa hankali. Ya ɗora babban yatsa a kai, ya murza, don kawai hannunsa ya sami abin yi.

Ɗigon ya baje.

Ya ɗaga yatsan ya duba. Toka-toka, da ɗan sheƙi.

Ya jawo na kusa da shi, aikin ungozoma. Ya murza. Ya baje. Ya jawo na tarin yara. Shi ma haka.

Shekara talatin da ɗaya yana bambance tabo da tabo. Tawadar inji ba ta bin yatsa. Wannan fensir ne, an ɗiga shi da hannu, a kan kwafin, bayan an buga. Sau goma sha biyu, a kan sha biyun da suka cancanta. Wani ya zauna ya karanta ɗari biyu da sha ɗayan nan tun daga farko har ƙarshe, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin kwamitin.

Ya ɗago a hankali.

Tana kallonsa. Ta ga yatsan. Fuskarta ba ta nuna komai ba, fuskar mai kawo ruwa ce, wadda aka yi shekara shida ana kira wawuya tana cewa to.

"Yi sauri mana, yarinya," in ji Farfesa, yana duba agogo. "Ga biro."

Ya miƙa mata nasa, mai ruwan zinariya, wanda ke sa hannu a takardun ƙarin girma.

Ba ta karɓa ba. Ta bar hannunsa a miƙe a iska, ta juya ƙarshen tebur.

"Baba," ta ce, "ara mini jan."